Farin Fenti a Kan Tsatsa

Ƙarfe tara da kwata na safe ƙarar ta tashi, har tagogin caji ofis suka amsa. Kafin Sufeto ya gama ɗaure igiyar takalminsa waya ta shigo: shagon walda ne a layin masu gyaran mota, kuma mai shagon ya mutu.

A ce ya mutu ma ai an sauƙaƙa maganar. Rufin kwanon a tsallaken titi ya faɗo, shi kuwa mai waldar a bahon wanki maƙwabta suka tattara shi, suka rufe da zani. Kofur, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko a gaban alƙali, leƙe ɗaya ya yi ya zagaya bayan katanga yana amai.

Uwar mamacin na zaune a ƙasa, ba kuka, ba motsi. Sufeto ya durƙusa gabanta.

"Mama, me yake yankawa?"

"Turmi zai yi mini, ɗana. Na katakon ne ya tsage, ni kuma na ishe shi da mita. Jiya ya sayo wani dunƙulen ƙarfe wajen Mai Sikeli, ya ce zai yanke kan." Ta dubi bahon. "Ni na aike shi."

A cikin tarkacen Sufeto ya tsinci ɓallin ƙarfe mai lanƙwasa, da ragowar farin fenti a jiki. Bai buƙaci a gaya masa ba, harsashin igwa ne. Abin da ya tsaye masa a rai ɗaya ne: irin wannan kaya ba ya fita shi kaɗai. Guda nawa ne suka shiga gari?

Mai Sikeli dillalin tsofaffin ƙarafa ne, ƙato mai tumbi, yana zaune a kan benci a tsakiyar filinsa yana fifita da kwali.

"Harsashi? Ni? Ranka ya daɗe, ko a hoto ban taɓa gani ba."

"To madalla. Miƙe a hankali, kada ka girgiza bencin."

Mutumin ya sunkuya ya duba. Ƙafafun bencin nan biyu harsasan igwa ne, kowanne da gicciyen farin fenti a gefe. Gumi ya karyo masa. Nan da nan ya tuna komai, har ya zaro takarda mai hatimi daga cikin hularsa.

"Wallahi fanko ne! Ga shi a rubuce. Sajen da ke riƙe da sito a bariki ne ya ba ni, wata guda ke nan, ana gobe zai yi ritaya. Ya ce duk mai farin fenti an kwashe cikinsa."

Takardar ta ce guda goma sha biyu.

"Kai nawa ka karɓa?"

"Mu ba ma ƙirgawa, ranka ya daɗe, aunawa muke yi. Mota guda ce dai ta juye."

"Ka sayar da wasu?"

"Kaɗan... to, da ɗan dama."

Sufeto ya bar shi a hannun Kofur, ya ce a matse shi har sai ya tuno duk wanda ya saya.

'Yan kwance bam suka zo suka killace filin. Goma sha biyu cif suka zaƙulo daga cikin tarkace, ban da wanda ya tashi, ban da waɗanda aka sayar. Shugabansu ya ja Sufeto gefe, ya nuna masa wuyan ɗaya da tsinke.

"Dubi nan. Fentin a kan tsatsa ya hau, ya toshe bakin murfin. Ba hannun da ya taɓa buɗe wannan. Dukansu cike suke."

Ƙarfe ɗaya saura aka kawo tsohon Saje ofis, da farar riga mai guga, yana taku kamar mai duba fareti. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Yaro, lokacin da nake harba igwa kai kana tsotson yatsa. Goma sha biyu ne, kuma da hannuna na kwashe su. Wanda ya tashi ba nawa ba ne."

"Wani ya mutu, Saje."

"Allah Ya jiƙansa. Wa ya ce ya sa wuta a abin da bai sani ba?"

Ran Sufeto ya ɓaci, ɓaci na gaske, amma ko gira bai ɗaga ba. Ya fita, ya dawo rungume da harsashi ɗaya mai farin gicciye, ya dire shi a kan tebur har kofin shayi ya yi tsalle. Saje ya zabura ya manne da bango. Sufeto ya buɗe aljihun tebur ya ciro guduma.

"Naka ne wannan?"

"Na... nawa ne."

"Fanko ne?"

"Fanko ne."

"To buga."

Saje ya ƙi miƙa hannu.

"Af, tsufa ne? Bari in taya ka." Sufeto ya ɗaga gudumar sama.

"Kada ka buga! Don girman Allah kada ka buga! Ban kwashe ba, ko ɗaya ban kwashe ba!"

Farar rigar nan ta jiƙe daga ƙugu zuwa gwiwa. Wannan ɗayan dai 'yan kwance bam sun riga sun kwashe cikinsa tun ɗazu, amma Sufeto bai ga ranar faɗa masa ba.

"Guda nawa?"

"Sittin da huɗu."

"Me ya sa?"

"Ramin da ake fasa su da nisa, motar kuma ta lalace. Kwamanda ya ce ba zai sa mini hannu a takardar sallama ba sai ya ga sito fes. Sai na sayi fenti."

Ka ji fa. Gwangwanin fenti ɗaya, don kada ritayar mutum ta yi jinkirin mako guda.

Kofur ya shigo da takarda, ya raɗa wa Sufeto magana a kunne. Sufeto ya dubi agogon bango, biyu saura kwata, sannan ya ce, "Karanta da ƙarfi, Saje ya ji inda kayansa suka je."

"Maƙeri, biyu, yana ƙira a kansu. Mai shayi na tasha, uku, ya yi murhu. Mai faci, ɗaya. Makarantar firamare ta bayan bariki, ɗaya, sun rataye a bishiya, shi ne ƙararrawarsu."

Saje ya ɗago kai. "Wace makaranta?"

"Ka ji ai."

"Tagwayena suna can! Ajinsu na gindin bishiyar! Ƙarfe biyu ake buga tashi!" Ya zube a ƙasa ya kama ƙafar Sufeto. "Ka ba ni waya, yallaɓai. Ka tura mota. Kowane bugu sassauta shi yake yi, wallahi zai iya tashi yau!"

"Haba Saje, ai fanko ne. Ga hatiminka."

"Na roƙe ka!"

"Layi za mu bi. Maƙeri ne na farko, makaranta ta huɗu." Ya janye ƙafarsa. "Kofur, sa masa ankwa."

Jan shi aka yi a ƙasa har bayan kanta, yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Aka turo ƙofar ƙarfen, aka datse.

Abin da Kofur ya raɗa ɗazu shi ne, an riga an kira shugaban makarantar, an kwashe yaran zuwa filin ƙwallo, mota kuma ta isa. Ya dawo yana share gumi.

"Yallaɓai, in gaya masa? Zai fasa kansa da bango."

"Bar shi ya saurari ƙarfe biyu tukuna."

Sufeto ya jawo takardar ya haɗa lissafi. Goma sha biyu na fili, ɗaya da ya tashi, bakwai da Mai Sikeli ya iya tunawa. Ya cire daga sittin da huɗu, ya rubuta arba'in da huɗu a ƙasa, ya ja layi, ya ɗauki hularsa.