Ragar Firij a Kan Gawayi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Umdurman, a ƙasar Sudan. Tana zaune da Ummanta da ƙanenta Amjad. Amjad yana da ciwon asma, hayaƙi kaɗan ke tayar masa da shi.

Tun da gas ya yi wuya, da gawayi suke girki. Suna da kanun, wato murhun yumɓu. Sai dai ragar ƙarfen da ke kansa ta yi kusa da wuta. Duk abin da aka gasa, waje ya ƙone, ciki ɗanye.

Wata ranar Juma'a Umma ta samo kifi. Ƙanen Umma, Kawu Al'amin maƙeri, ya ce zai zo bayan salla ya haɗa musu raga mai ƙafa.

Umma ta ɗauki jarka za ta ɗebo ruwa. Ta ce, "Ki kula da Amjad. Kada ki taɓa wuta sai Kawunku ya zo."

"To, Umma."

Amma yarinyar ta ƙosa. Ta tuna da tsohon firij ɗinsu da ya daɗe da mutuwa. Ta zaro ragarsa fara tas. Ta lanƙwasa waya mai kauri, ta ɗaura mata ƙafafu. Da ta ɗora a kan kanun, sai ga ta ta zauna daram, nesa da gawayi.

"Amjad, zo ka ga aikina!"

Ta hura wuta, ta jera kifi. Can sai farin da ke jikin ragar ya fara kumfa, yana ɗiga cikin garwashi. Ashe roba ce! Baƙin hayaƙi mai ɗoyi ya turnuƙe tsakar gida.

Amjad ya fara tari. Ya dafe ƙirji, numfashinsa yana fita da ƙara kamar usur.

Tsoro ya kama yarinyar. Ta ja ragar da tsumma, ta wurga ta bayan ɗaki. Ta janye Amjad zuwa bakin ƙofa, ta fesa masa maganinsa. Bai yi sauƙi ba.

Umma na shigowa ta saki jarka. "Innalillahi! Me ya same shi?"

Umma ta sungumi Amjad, suka tare raksha, wato keken haya mai ƙafa uku.

"Asibiti, ɗan'uwa! Yi sauri, don Allah!"

A hanya leɓɓan Amjad suka fara yin duhu. Yarinyar ta riƙe hannunsa.

A asibiti likita ta sa masa abin shaƙar iska a fuska. Ta juyo ta tambayi Umma, "Me ya shaƙa?"

"Hayaƙin gawayi ne kawai, ina jin."

"Kin tabbata? Ina so in sani, don in san abin da zan ba shi."

Yarinyar ta dubi ƙasa. Idan ta faɗa, Umma za ta yi fushi. Ta ɗago, ta ga ƙirjin Amjad yana sama yana ƙasa da ƙyar.

"Ba gawayi kaɗai ba ne," ta ce, tana kuka. "Ragar firij na ɗora a wuta. Robar jikinta ce ta ƙone."

Umma ta zaro ido. Likita kuwa ta ce, "Madalla da kika faɗa." Nan take ta ƙara masa magani, ta ce kada kowa ya ci kifin.

Suka zauna a benci suna jira. Sai wajen la'asar suka ji ƙaramar muryar Amjad.

"Umma, ƙishirwa nake ji."

Umma ta rungume shi tana hamdala. Sannan ta dubi 'yarta. "Kin saɓa mini, raina kuma ya ɓaci. Amma da kin ci gaba da ɓoyewa, da abin ya fi haka muni."

"Ki yafe mini, Umma."

"Na yafe. Kada ki sake."

Washegari Kawu Al'amin ya zo da sandunan ƙarfe. Ya duba ƙonanniyar ragar, ya girgiza kai.

"Dabararki ta ɗaga raga daidai ce," ya ce. "Kayan ne ba daidai ba. Ƙarfen gashi ba ya son fenti, ba ya son roba. Da kin tambaye ni, da na gaya miki. Zo ki riƙe mini nan."

Ita ta auna tsayin ƙafafun da tafin hannunta, shi ya lanƙwasa. Suka ƙona sabuwar ragar a wuta, suka goge ta da mai. Ran nan masara suka gasa. Ta gasu ciki da waje, Amjad ya cinye biyu shi kaɗai.

Tun daga lokacin, yarinyar ba ta gwada abin da ba ta sani ba sai ta tambayi manya. In kuma ta yi kuskure, takan faɗi gaskiya da wuri.