Rigar Mutum-mutumin Tashar Kochi

Duk mai gini a birnin Kochi na ƙasar Indiya yana rataye mutum-mutumi a gaban aikinsa, kansa tukunya, cikinsa ciyawa, don ya shanye mugun idon masu wucewa. Tsumma ake sa masa, wanda ba shi da mai shi. Prathapan ya san wannan sarai.

Mai zanen gine-gine ne, mugun mai hassada, wanda ya tsufa yana zana shaguna. Da aka buɗe gasar zana sabuwar tashar jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa, mai kasuwa a sama, zauren biki a tsakiya, sai ya ƙwallafa rai. Bai tsaya gyara zanensa ba, tir! Wurin boka Kelappan ya nufa, can bayan gonar kwakwa.

Da rana tsaka ɗakin tsafin duhu ne. Fitilar mai tana ci a gaban wani baƙin gunki da aka shafe da jan gari. An zana da'ira da garin shinkafa da kurkum, ga ƙoƙon bammi, ga zakara a rataye, jininsa na ɗiga a ciki.

Boka ya dubi takardar zanen ya yi tsaki. "Wannan ne zanen? Ko akurki ba zan ba ka ba."

"Sa'a na zo nema, tsoho, ba darasi ba," in ji Prathapan.

"Zauna, marar kunya. Za ka ci gasar. Amma ginin da duniya za ta zuba wa ido, tsumma ba ya iya tare masa. Ka sa wa mutum-mutuminka rigar mai rai, da zufarsa a jiki. In damina ta cinye ta, ka sake wata. Ranar da ya yini tsirara, idon zai dawo kanka."

"Riga kawai?"

"Riga kawai na ce."

Ya ci gasar. Gini ya tashi da rufi kamar kifaffen kwale-kwale, Prathapan ya sayi gida a bakin ruwa, ya daina amsa gaisuwa. Rigar farko ta ƙanensa Dileepan ce, ya zare ta daga kwandon wanki. Kafin damina ta wuce Dileepan ya bushe, ya mutu yana rufe fuska da hannu. Ta biyu zanen ɗaurawar matarsa Sulochana ne. Ita kuwa ba ta mutu ba. Ta toshe tagogin gidan kaf, tana ihu wai mutane suna kallonta ta cikin bango.

Nan Prathapan ya gane. Saura ɗansa Nandu, shi kaɗai ne abin da yake ƙauna a duniya, ga shi ruwa ya ruɓar da zanen matar, ga ranar buɗe tasha ta zo. Ya koma wurin boka a fusace.

"La'ananne, ka cinye min gida!"

"Ni? Rigar mai rai na ce. Kai ka zaɓi gidanka don ya fi kusa da hannunka."

Kun ga, maimakon Prathapan ya tuba, murna ya yi, don ya gane rigar kowa ma za ta yi. Da safiyar bikin ya tare tsohon maigadi Ouseph a ƙofa.

"Kai, tuɓe rigar nan."

"Haba maigida, a gaban jama'a?"

"Tuɓe, ko ka bar aikin!"

Ya sa wa mutum-mutumin rigar da hannunsa, ya rataye shi ƙarƙashin rufi. Jirgi ya iso, fari fat, ya fi ginin tsayi. Dubban baƙi suka jeru a samansa suna nuna tashar, suna yabo. Prathapan yana ta satar kallon Ouseph, yana jiran ya faɗi. Ouseph na tsaye ƙalau da singileti.

Nandu ne ya dafe kai a tsakiyar zaure. "Baba, ka ce su daina kallona," ya ce, ya zube.

Ouseph ya rugo yana kuka. "Wayyo yaron kirki! Jiya-jiyan nan ya tuɓe rigar ya ba ni, ya ce tawa ta yage. Ban ko wanke ta ba, maigida."

Prathapan ya hau tsani ya yayyaga rigar da haƙora, amma Nandu ya riga ya yi sanyi. Mutum-mutumin kuma ya yini tsirara.

Yanzu Prathapan yana yawo a bakin ruwa da tukunya kife a kansa, yana zagin duk wanda ya dube shi. Ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Kai mai neman arziki ta ɗakin boka, in an ce maka farashin riga ce kawai, ka tambayi wanda ke cikinta.