Ƙarfe Mai Ƙugiya Uku

Ƙiiiƙ, ƙiiiƙ. Daren farko da mai gyaran fanka ya tare a sabon ɗakin haya, wannan ƙarar ce ta hana shi barci. Ta bango take ratsowa a hankali, kamar tsohuwar ƙofa tana kuka. Shi kuwa yini yake yana kashe ƙarar fankokin mutane, ya dawo gida kafaɗunsa kamar ba nasa ba.

Da safe ya tarar da wata budurwa a bakin famfon tsakar gida, sanye da farar rigar kantin magani, idanunta su ma sun yi ja.

"Sannu, maƙwabciya. Don Allah me ke kuka a ɗakinku?"

"Ƙarfen Baba ne. Za ka saba. Ni tun rasuwar Mama nake sabawa, har yau ban gama ba."

Ta nuna masa ta taga. Wani ƙarfe ne mai mariƙin juyawa a baya, ƙugiya uku a gaba, an kafe shi a kan katakon da hannu ya mayar baƙi. In an juya mariƙin, ƙugiyoyin su yi ta wulwulawa, ba su kama komai ba. Kullum dare tsohon yakan zauna ya juya shi. Ta tambaye shi har ta gaji, bai taɓa faɗa mata amfaninsa ba.

Daga nan suka samu abin hira. Tana tsaye a kanti ƙafafunta na zogi, sai saƙo ya shigo:

"'Yar Baba, na gano. Na gasa kaji uku ne lokaci guda."

"Ƙarya kake, Gajiyayyena. Na cire haƙorin raƙumi ne."

"To na kama aljani ne, shi ya sa yake kuka."

"Ka ci abinci dai? Jiya na ga hannunka yana rawa."

Ya daɗe yana kallon wannan saƙon. Rabon da wani ya lura da hannunsa har ya manta.

Da maganarsu ta kai kunnen tsohon, sai ya girgiza kai.

"Mai gyara? Masu gyara ba sa ganin abu su ƙyale shi. Ga ɗan aminina mai shagon taya, na san gidansu ciki da waje."

Mai shagon taya yana zuwa duk yamma, da ƙamshin turare da baki mai daɗi. Ya taɓa kallon ƙarfen ya ce ai na buɗe gwangwani ne, ya wuce.

Wata rana sai ƙarar ta ɗauke. Mai gyaran fanka ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba, ya farka da sallamar tsohon a ƙofarsa. Hannun tsohon sharkaf da baƙin mai.

"Wa ya aike ka? Na ce maka ƙarfen yana ciwo ne?"

"Baba, wallahi ban taɓa shi ba."

"Duk gidan nan wa ke yawo da gwangwanin mai in ba kai ba? Kada na ƙara ganin ka da 'yata."

Kafin ya isa shago saƙonta ya riga shi:

"Ka sha cewa ya hana ka barci. To ga shi ka samu barcin. Baba bai ci komai ba tun jiya."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Ko fushi ma yana bukatar ƙarfi, shi kuwa ba shi da shi. Abin mamaki, shirun ya fi ƙarar hana shi barci.

Kwanaki suka tafi a haka, su haɗu a famfo kowa ya kalli bokitinsa. Sai wata yamma mai shagon taya ya zo, ya miƙe ƙafa a kan tabarma.

"Baba, ka ji shiru yanzu ko? Ni na ɗura masa mai ranar da ka fita. Ban so na faɗa ba, kada a ce ina neman yabo."

 Budurwar ta shige ɗaki ta ɗauki waya.

"Gajiyayyena, na zalunce ka. In ba ka yafe ba, ban ga laifinka ba."

"Na yafe tun ranar. Ki tambayi Baba ko zan iya ganin ƙarfen."

Mai gyaran fanka ya zo da kananzir da tsumma, ya wanke man tas. Ya juya mariƙin, shiru. Ya durƙusa ya leƙa haƙoran ciki, ya shafa ƙugiyoyin da yatsa. Sun cinye ta ciki, sun yi santsi.

"Baba, ni ban san sunansa ba, na gaji da canka. Amma ƙugiyoyin nan sun sha ja. Wa ke riƙewa daga can?"



"Uwarta," in ji tsohon. "Kafin a haife ta, igiya muke tufkawa. Ni ina juyawa, ita tana can ƙarshen tsakar gida tana ja. Ba ma jin maganar juna, sai wannan ƙarar."

Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ya warware zaren ciki, ya maƙala tufka uku a ƙugiyoyin. Ya miƙa wa saurayin ɗaya ƙarshen.

"Je ka can bakin famfo. Ke, zo ki juya. Kai kuma kada ka saki, kada ka fizga."

Ta juya. Zaren ya ɗaure, ya fara jan saurayin, ya jingina baya ya riƙe. Da nauyi ya hau haƙoran, sai ƙarfen ya buɗe baki: ƙiiiƙ, ƙiiiƙ. Tufka ukun suka naɗe juna a gaban idonsu. Tsohon ya juya fuskarsa ga bango.

"Ka turo manyanka," ya ce wa saurayin.

Bayan an ɗaura aure, ya ɗauko ƙarfen da hannunsa ya ajiye a ɗakinsu, ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa in ɗaya ya gaji, ɗayan na riƙe."

Igiyar nan ce suke shanya a kanta yanzu, farar rigarta kusa da tasa mai tabon mai. Har yau a gajiye suke dawowa. Amma wata yamma igiyar guga ta tsinke, suka fito da ƙarfen tsakar gida, tsohon na zaune a kujerarsa ido a lumshe.

Wata sabuwar maƙwabciya ta leƙo, hannu a kunne.

"Amarya, don Allah wannan abin ba za ku zuba masa mai ba?"

Amarya ta kalli angonta can bakin famfo, ya ƙara jingina baya. Ta ci gaba da juyawa.