Geron Mamuda

A wata makaranta can, an yi wani ɗan ajin ƙarshe, Mamuda, wanda ba a taɓa kayar da shi a darasin aikin gona ba. Littafin ya haddace shi tas. In an fita gona kuwa, sai ya lafe a inuwa ya ce, "Ai na karanta."

Da damina ta kankama, Malam Barau ya yanka wa kowa fili ya shuka gero, ya ce a nan za a ba da makin jarrabawa. Gero ya tsiro, ciyawa ta biyo shi.

Jatau, mai zuwa na ƙarshe a aji, ya ce wa Mamuda, "Zo in nuna maka, ƙaramin gero kamar ciyawa yake."

"Kai za ka nuna mini? Ai na karanta."

Mamuda ya duƙa noma har azahar. Duk tsiron da ya fi kyau ya bar shi, sauran ya share.

Malam Barau ya zo dubawa, ya daɗe tsaye.

"Mamuda, ina geron?"

"Ga shi nan, Malam."

"Madalla. Shekara ashirin ina koyarwa, ban taɓa ganin ciyawa ta sami gata irin wannan ba."