Gaba Ashirin da Biyu

"In sai da shi, to a fasa."

Haka Yunusu ya ce wa Zalika a ƙofar gidansu a Tawa, a shekarar da tutocin jam'iyyu suka cika gari. Mahaifinta ya yanke magana: ba ya ba da ɗiya ga wanda ya zo shi kaɗai kamar daga sama ya faɗo. Sai dangin uba sun zo nema. Na kusa kuwa mutum ɗaya ya rage wa Yunusu, Baba Ɗanlami na Affala, mai yasar rijiya.

"A fasa... ni za a fasa ke nan?" in ji Zalika. "Raina, dube ni. Tsohon nan ya cinye ƙuruciyarka. Ni ma ba shi za ka yi?"



Yana shekara bakwai ubansa Sani ya tafi biɗar kuɗi Abijan, bai komo ba. Baba ya ɗauke shi. Da yake ƙarami ne, sai ya ɗaura masa igiya a ƙugu ya zura shi rijiyoyin da babba ba ya shiga, ya kwaso laka. In ya yi kuka, Baba ya ɗaure igiyar a turke ya tafi shan fura, sai la'asar. Zurfin wata rijiyar gaba ashirin da biyu. Daga ƙasa, sama ba ta fi faifai ba.

Shekara shida aka yi haka kafin ya gudo Tawa ya koyi walda. Ya girma, amma ɗaki a rufe ba ya zaunuwa gare shi, ƙarar guga kuwa gumi take sa shi.

Zalika ce ta ja shi wurin Majo Attahir, ma'aikacin jinya da ya karanto ciwon tunani a Yamai. Majo ba ya allura. Kowace Alhamis, ko ana yajin aiki, yakan zaunar da shi gindin itacen bedi ya saurara. Ya koya masa kafa ƙafa a ƙasa da jan numfashi in abin ya taso. Bai taɓa ce masa ya yafe ba. Ranar da Yunusu ya faɗa masa kullum a ransa yana zura tsohon rijiya yana yanke igiya, Majo ya tambaye shi wa ya taɓa jin labarin nan daga bakinsa a Affala.

Babu kowa.

Yunusu ya shiga motar Affala, ba goro, ba tsaraba.

Ya tarar da dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar. Baba na tsakiya, ya rame, carbi a hannu. Yunusu bai cire takalmi ba, bai tsuguna ba.

"Wanga ba ɗan Sani ba ne?" in ji Baba. "A birni an hana gaisuwa?"

Abin ya taso wa Yunusu. Ya kafa ƙafa, ya ja numfashi, ya fara. Ya lissafa rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta Barmu, ta Kalfu, ta bayan gari. Ya faɗi ranar maciji. Ya faɗi ranar da ya kira uwarsa har murya ta mutu. Bai rage komai ba.

Baba ya yi dariya, ya ce horo ne, shi ma haka aka yi masa. Sannan ya ƙara da cewa ya ji ana neman aure, to ƙafarsa ba ta taka Tawa, yaro ya mutu tuzuru.

Kafin kowa ya motsa, hannun Yunusu na wuyan rigarsa. Ya ɗaga shi. Ba nauyi, kamar damin kara. Murɗa ɗaya ta isa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ajiye shi kan buzu.

"Ban zo roƙonka ba," ya ce. "Ban kuma zo yafe maka ba. Na zo a ji."

"An ji."

Ciɗo ne, tsohon da gonarsa ke gefen rijiyar bayan gari. Ya dogara sanda ya miƙe.

"Tun wancan lokaci munka ji. Kukanka na tasowa, ina noma, ban ajiye hauya ba. Duk wanda ke nan ya ji." Hawaye na bin gemunsa. Ya ce kakansa da kakan Sani ɗaki ɗaya suka fito. Da nisa, amma jini ne. Shi zai je Tawa.

Dattawan suka naɗe buzayensu ɗaya ɗaya. Aka bar Baba shi kaɗai.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tsofaffi tara suka zo daga Affala a bayan mota, kansu a ƙasa. Ba a gaya wa Baba ranar ba.

Da jama'a suka watse, Zalika ta kama hannunsa tana kuka.

"Raina... ka huce?"

"Ban huce ba. Jibi Alhamis, zan koma wurin Majo."

Ta share ido da gefen lulluɓi.

"To. Tare za mu."