Katakon da Ya Ƙi Bushewa

Ku matso. Ke Ladiyo, sakar mini zane, tun ban fara ba kin fara kyarma.

Kun dai san Kawu Barau kafinta, mai tari kafin ya yi magana. To, wata shekara ya sare maɗacin bakin rafi. Bai yi sallama ba, bai ce masu wurin su kauce ba. Ya tsattsaga shi, ya jera katakon a inuwar rumfa, ya sa ƙirare a tsakani don iska ta ratsa.

Katako ya ƙi bushewa. Kullum da safe sai a tarar yana ɗiga. 'Yarsa Hansai kuwa, ita ce ke bushewa. Leɓe ya tsage, ruwa ba ya wuce maƙogwaro. An sha rubutu, an je asibiti. Shiru.

Ran nan da magariba yana juya katakon shi kaɗai, sai ga wata tsohuwa. Ta tako garin katako, babu sawu.

"Sannu da aiki, mai zarto."

Bakinta bai motsa ba. Daga cikin katakon muryar ta fito, 'yar siririya.

"Ehem. Iya, lafiya?"

"Ka tsaga mini ɗaki, ka shanya jikana a iska. Nawa yana kuka, taka tana bushewa."

Kawu ya zube. "Ki ɗauke ni, ki bar yarinyar nan."

"In kai ka ina, da wannan tarin? Zare ƙiraren. Mayar da kowane falle jikin ɗan'uwansa, ka kai kututture."

Ya shiga haɗawa, yana bin zanen jikin itacen. Falle ɗaya babu. Ya duba, ya sake dubawa. Sai ya tuna: shi ya kafa wa ɗakin Hansai ƙyaure, tun yana ɗanye. Da gudu ya je ya ɓalle shi da hannu, ƙusa ta yage masa tafi. Ya haɗa shi da sauran, ya loda a amalanke, ya tura har rafi, bai waiwaya ba.

Da ya dawo, Hansai na zaune, gumi sharkaf. Ta ce, "Baba, ruwa."

Da gari ya waye, ga sabon ƙyaure a ɗakinta, busasshe ƙamas, ba alamar zarto. Har yau ba ya rufuwa da duhu sai an yi masa sallama.

Don haka kada in ji wani ya bi hanyar rafi shi kaɗai, balle ya ɗaga gatari.

Ƙyauren kuwa, shi ne wannan na bayanku. Ladiyo, tashi ki rufo mana.