Gawa a Matakalar Kifi

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis na Wudil cewa Gwadabe, mai gadin ƙaramin dam ɗin da ke ba Utai wutar lantarki, ya ɓata. An tsinci takalmansa da tocilarsa a bakin ruwa, shi kuwa ko ƙyallinsa.

Insfekta Nu'uman ya ture kofin shayinsa, ya ja tsaki. Ya tsani aikin bakin ruwa. A ganinsa can kowa maƙaryaci ne: kamfanin dam ya yi tasa da Turanci, masunta su yi tasu da rantsuwa.

Ko da ya isa, gari ya riga shi. Dam ɗin wani shingen siminti ne da aka gitta wa rafin da ke gangarowa kogin Wudil, da ɗakin inji a wannan gaɓar, inda aka tsinci takalman. A tsallake kuma akwai abin da kamfani ke kira matakalar kifi: jerin ramukan siminti hawa-hawa da ruwa ke bi, wai ta nan kifi zai riƙa haurawa sama ya zuba ƙwai idan damina ta faɗi.

Al'ada ce idan ruwa ya ci mutum a kira Sarkin Ruwa ya nemo shi. Sai ga Sarki Maikano da layu har gwiwar hannu, yana tafe kamar shi ya haƙa rafin. Shi ne kan gaba wajen zagin dam a kowane taro. Ya ɗebi ruwa a tafi, ya shinshina, ya motsa leɓe. Bai ko kalli kwalekwale ba. Ya bi ta kan shingen ya tsallaka, ya faɗa ramin tsakiya na matakalar, ya daɗe a ƙasa, sannan ya ɓullo da Gwadabe.

Wuri ya kaure da kabbara. "Sarki, gadonka ne!"

Nu'uman bai yi kabbara ba. Ya durƙusa ya juya kan mamacin, ya ga rauni a ƙeya.

"Wannan duka ne, ba faɗuwa ba," in ji shi.

Sarki ya yi wuf. "To, yallaɓai, a tambayi Garzali masunci. Kowa ya ji shi ran kasuwa yana cewa sai ya ga bayan dam da mai gadinsa."

Kafin azahar Garzali na bayan kanta, matarsa Barakatu na zaune a ƙofar ofis ta ƙi tashi. DPO ya ce magana ta ƙare, Litinin a kai shi kotu da laifin kisan kai. Nu'uman ya sara masa, ya fito yana cizon yatsa. Shi ba son Garzali yake ba, amma ya ƙi jinin a rataye mutum don kawai an gaji da tunani.

Ya sa aka fito masa da Garzali. "Ina kake da asubar yau?"

"Ina gida, yallaɓai."

"Matarka ta ce tun kiran farko ka fita. Buɗe hannunka."

Tafin duk kanta, irin ta shebur. Garzali ya sunkuyar da kai.

"Lodin yashi nake yi wa masu tifa a ƙarƙashin gada. Ni da ubana da kakana duk masunta ne, yallaɓai. Da wane ido zan ce yanzu ni lebura ne? Damina biyu ke nan ko kifin kawara ɗaya bai haura sama ba. Matakalar nan yaudara ce."

"Za ka hau igiya don kunyar shebur? Amma kai sakarai ne."

Direbobin tifa sun shaida shi. DPO ya ce shaidar 'yan tasha ba shaida ba ce.

Nu'uman ya koma dam. Injiniya Stephen na kamfanin ya tarbe shi da hular kwano mai sheƙi, wadda da gani ba ta taɓa shan rana ba.

"Matakalarmu lafiya lau take, ofisa. Kowane mako muna dubawa."

"To zo mu duba tare."

Injiniya ya yi ta zamewa a kan gansakuka, bai ma san ta inda ake sauka ba. Da aka rage ruwan, sai ga turaku kakkafe a bakin ramin tsakiya, da guntun gura, tarkon kifin da ake saƙawa, a maƙale jikin ɗaya. A wani turken kuma akwai ƙyallen rigar gadi.

"Kowane mako, ko?"

Stephen ya share gumi. "Gaskiya tun ranar da aka buɗe ban sauko ba. Gwadabe ya ce mini yana da magana a kan wurin nan. Na ce sai na dawo daga Kano."

"Idan mutum ya faɗa daga inda aka ga takalman, ina ruwa zai kai shi?"

"Ragar ƙarfen da ke bakin inji. Duk abin da ya faɗa can yake tsayawa."

"Nan fa?"

"Nan? Ai sai dai a ɗauko shi a kawo."

A hanyar komawa Nu'uman ya tsaya wurin masu kifi a bakin titin Wudil. A tiren wata dattijuwa, Mairo, ya ga bandar kawara jibge, ya karya ɗaya. Cikinta cike da ƙwai.

"Iya, ba Sarkin Ruwa ya rufe ruwa ba tun saukar damina? Na ji ya ce duk wanda ya kama kifi mai ƙwai hannunsa zai shanye."

"Daga Tiga ake kawo mini, ɗan nan."

"To tashi mu je ofis, ki kwatanta mana mai kawowar."

Mairo ta dafe ƙirji. "Ni ina ruwana? Daga gidan Sarki ake aiko mini. Ai ni na ɗauka shi an halasta masa."

Bayan la'asar Nu'uman ya sa aka tara masunta a bakin dam, ya zo da Garzali a mota. Sarki na kan tabarma ana ta yi masa barka da aikin safe.

"Sarki, ka burge ni ɗazu. Yaya aka yi ka san inda gawar take?"

"Ruwa ne ke gaya mini, yaro. Ba aikin ɗan boko ba ne."

"Mahaifinka ma haka yake yi?"

Wani tsoho ya amsa daga baya: "A'a. Marigayi kan bi jan ruwa ne da gora, wani lokaci a wuni ana nema."

"To kai jan ruwa ya nuna ragar inji, ka tsallake ta ko leƙe babu. Ka nufi inda ruwa ba ya kai kowa." Nu'uman ya zube guntun gurar da ƙyallen da kifin a kan tabarmar. "Ka rufe wa mutanenka ruwa da tsinuwa, ka zo ka kafa tarko a ƙofa ɗaya tak da kifi ke da ita. Su suna zagin siminti, kai kana banda."

"Ƙazafi ne! Garzali..."

"Garzali yana ɗiban yashi. Mairo kuma tana ofis, bakinta bai rufu ba tun ɗazu."

Sarki ya dubi mutanensa, babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Muryarsa ta dawo ƙarama.

"Gwadabe ya same ni ina kwashe gura. Ya ce zai faɗa wa gari. Da ya ce kamfani ma, da sauƙi. Na buga masa turke. Gari ya fara wayewa, sai na danna shi ƙasan ruwa na soke rigarsa a turke, na kai takalman can."

"Me ya sa kai da kanka ka fito da shi?"

"Kada wani ya nutsa ya ga turakun. Kuma tun da kifi ya ƙare ba mai gaishe ni a durƙushe. Na so su tuna ko ni wane ne."

"Ai kuwa sun tuna," in ji Nu'uman, ya miƙa wa kofur ankwa.

Injiniya Stephen ya matso da fara'a. "Ka gani, ofisa? Ashe ba laifin dam ba ne."

Nu'uman ya dube shi sama da ƙasa. "Da can kifi na da faɗin rafi duka. Ku kuka matse shi a lungun da tsoho ɗaya zai iya tarewa, kuka tafi Kano. Matsa mini."

Aka tura Sarki bayan mota, layunsa na karo da ankwa. Aka saki Garzali. Barakatu na kiran mijinta su tafi gida, amma Garzali ya tsallaka, ya tuge turakun ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna a bakin ramin ƙarshe na sama ya zuba wa ruwa ido. Har motar ta sha kwana bai ɗago ba, yana jiran kawara ɗaya ta haura.